Tafiyar Lomar Tuwo a Jikinki

 

A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, babu uzurin da na fi ji kamar ciwon ciki. Wadda ƙwannafi ya hana barci ciwon ciki take cewa, wadda ɗanta ke gudawa haka, mai murɗar mara haka, wadda ta kwana uku ba ta zaga ba ita ma haka. Tunda sunan ɗaya ne, sai maganin ma ya zama ɗaya: a jiƙa kanwa, ko a tafasa sassaƙe, ko a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi. Alhali abin da muke kira ciki hanya ce doguwa mai zango-zango, kowane zango da aikin da Allah ya ɗora masa da kuma irin cutar da ke kama shi. Idan kin san inda matsalar take, za ki san abin da za ki yi da hannunki, ki kuma san lokacin da za ki yafa mayafi ki nufi asibiti.

Idan kin taɓa zama wankin kayan ciki ranar Babbar Sallah, to kin riga kin karanta rabin darasin. Kin ga tumbi, kin ga hanta da 'yar jakar maɗaciya da ake lallaɓawa wajen cirewa kada ta fashe ta ɓata nama, kin ja siririn hanji har hannunki ya gaji. Duk waɗannan akwai su a jikinki. Bambancin shi ne tumbin rago kashi 4 ne domin ciyawa yake ci yana tuƙa, naki kuwa guda ɗaya ne tak. Da za a miƙe hanyar abincin babban mutum daga baki zuwa mafita, za ta kai mita 8 zuwa 9, wato kusan turmi ɗaya da rabi na atamfa, an naɗe shi tsaf a wannan ɗan wuri.

Bari mu bi lomar tuwo ɗaya mu ga inda za ta kai mu.

Aikin yana farawa tun kafin ki kai loma baki. Ƙamshin miya kaɗai ya isa ya sa yawu ya tsinke, kuma bakin mutum yakan samar da kusan lita 1 na yawu a yini. A cikinsa akwai sinadarin da ke fara mai da garin hatsi sukari. Gwada ki tauna gurasa ko burodi ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji zaƙi yana fitowa. Mu dai tuwo haɗiyarsa muke yi, kuma babu laifi, domin turmi da inji da tukunya sun riga sun yi wa haƙora aikinsu. Amma nama da masara da gyaɗa da wake ba su da mai tauna su sai ke, tumbi ba shi da haƙori.

A maƙogwaro hanya biyu ce gab da juna, ta numfashi a gaba, ta abinci a bayanta. Duk lokacin da kika haɗiye, wani ɗan murfi yakan rufe ta numfashi na ɗan lokaci. Idan ana surutu ko dariya da abinci a baki, murfin ya kan makara, sai a ƙware. Shi ya sa bai kamata a bar yaron da bai kai shekara 4 ba da ƙwayar gyaɗa ko aya yana guje-guje da ita a baki ba. A nan ne kuma beli yake, wanda ake kiran wanzami ya yanke wa jariri. Belin nan yana cikin masu tare hanyar hanci lokacin haɗiya, halitta ce da kowa ke da ita, kuma yankansa yana jawo zubar jini da shigar cuta. Ban ga dalilin da zai sa a sa wa ɗan kwana uku aska a maƙogwaro ba.

Daga nan loma ta faɗa wani bututu mai tsawon kamar santimita 25. Kada ki zaci gangarawa take yi kamar ruwa a indararo. Bututun ne ke matsa ta, daidai yadda kike kama hanjin rago da yatsu biyu kina tatse abin da ke ciki zuwa gaba, kuma da irin wannan matsa abinci ke tafiya har ƙarshen hanya. A ƙasan bututun akwai wata ƙofa ta tsoka da ke buɗewa loma ta wuce, ta sake tsukewa. Idan ƙofar ta saki, ruwan tumbi mai zafi ya hauro sama, shi ne ƙwannafi. Masu juna biyu sun fi kowa saninsa, domin sinadaran goyon ciki suna sassauta ƙofar, ga kuma jariri yana tokaro tumbi daga ƙasa. Abin da ke taimakawa shi ne cin kaɗan-kaɗan, rage maiƙo da yaji da daddare, barin awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, da ɗaga gefen kai na shimfiɗa. Mai cika ciki da sahur ta koma ta miƙe nan take, ta san abin da nake nufi.

Tumbi da wutar da ke cikinsa

Tumbi yana sama, ƙarƙashin haƙarƙari ta ɓangaren hagu. Wurin cibiya da muke dafawa mu ce tumbi, hanji ne a wajen. Abinci yakan zauna a tumbi awa 2 zuwa 4, mai maiƙo ya fi daɗewa, ana cuɗa shi da wani ruwa mai tsananin tsami har ya koma kamar kunu.

Yadda aka fara ganin wannan aiki da ido abin mamaki ne. A shekarar 1822, a wani tsibiri mai suna Mackinac a Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta fasa wa wani saurayi mai suna Alexis St. Martin ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa, ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami da ya zarce har cikin tumbi. Sai likitan ya riƙa ɗaure ɗan nama ko wani abinci da zaren siliki yana zurawa ta ramin, bayan wani lokaci ya jawo ya duba yadda ya narke. Ya wallafa abin da ya gani a 1833. Daga cikin abin da ya lura da shi har da cewa idan ran mutumin ya ɓaci, narkewar abincin takan yi nawa. Uwargida ki riƙe wannan, ki daina ajiye ƙorafin yini sai an zauna gaban kwano.

Ruwan tumbi yana narkar da nama, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. To me ya hana shi narkar da tumbin kansa, tunda shi ma nama ne? Allah cikin hikimarsa ya shafe bangon tumbi da wani abu mai yauƙi da kauri kamar danyar kuɓewa. Ranar da wannan shafe ya samu kafa, ruwan ya taɓa naman da ke ƙasa, gyambo ya fito. Wannan shi ne olsa.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin da wuya ki shiga gida ki rasa mai cewa tana da olsa, kuma kowa yunwa yake ɗora wa laifi. Likitocin duniya ma sun daɗe suna ɗora laifin a kan damuwa da yaji. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata ƙwayar cuta da suka samo a tumbin marasa lafiya, wadda za ki ga an rubuta H. pylori a takardar gwaji. Ba a yarda da su ba, ana ganin babu abin da zai rayu a cikin wannan tsami. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raini ƙwayar a ciki, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da aka tabbatar shi ne manyan masu jawo olsa biyu ne: wannan ƙwayar cuta, wadda galibi tun ana yara ake ɗauka ta baki, da kuma magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da diklofenak, waɗanda ke rage wancan yauƙi mai kāre tumbi. Yunwa tana tayar da zafin gyambon da yake nan ne, domin ruwan tsami ya same shi babu abinci a tsakani. Yanzu ki duba abin da muke yi. Mace ta gaji da aikin gida, ta aika a karɓo mata haɗin ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda babu suna, ta watsa a baki kafin ta karya. Ƙirji ya ɗauki zafi, ta sha madara ko ruwan kanwa. Madara takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo tsami. Kanwa kuwa gishiri ce mai yawa, ba ta dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba, kuma ba ta taɓa ƙwayar cutar. Haka za a shekara goma ana lallaɓa ciwon da ke da magani. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, maganinta kuma haɗi ne da likita ke rubutawa na kwana 10 zuwa 14, wanda dole a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a kwana na uku.

Tumbin babba yakan ɗauki lita 1 zuwa 1 da rabi ba tare da takura ba. Yana iya buɗewa fiye da haka, amma sai ya tokare numfashi ya kuma tura ƙofar nan ta sama. Duk ɗalibar Islamiyya ta san koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Mun haddace ta, aiki da ita ne ke gagarar mu ranar biki da lokacin buɗa-baki. Na jariri sabon haihuwa kuwa, a ranar farko cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya ishe shi a sha ɗaya. Ɗan dakashin da kike rainawa daidai cikinsa aka auno shi, saboda haka kada a cika masa wurin da ruwa ko jiƙo.

Inda ainihin aikin yake

Daga tumbi, kunun nan yana tsiyaya kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. Siranta ce ta sa aka kira shi ƙarami, in ba haka ba tsawonsa ya kai kimanin mita 6. A farkonsa ruwa biyu ke tarar abinci. Ɗaya daga hanta yake, shi ne ruwan ɗacin nan da ke taruwa a maɗaciya, aikinsa ya farfasa mai ya zama ƙananan ɗigo kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Ɗayan daga wata gaɓa yake da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ruwanta yana kashe kaifin tsamin tumbi ya ƙarasa narkar da hatsi da nama da mai. Ruwan maɗaciya ne ke ba bayan gida launinsa. Don haka jaririn da shawara ta wuce masa mako 2, kashinsa kuma ya koma fari-fari, alama ce hanyar ruwan ta toshe, kuma aikin asibiti ne na gaggawa.

Cikin ƙaramin hanji kamar tawul yake, cike da 'yan ƙananan tsiro miliyoyi. Da za a baje shi, faɗinsa zai kai kusan murabba'in mita 30, wato kamar ɗaki biyu. Ta nan amfanin abinci ke ratsawa ya shiga jini, yawancinsa ya fara biyawa ta hanta, ita ta ajiye na ajiyewa ta tace na tacewa. Abin da bai ratsa wannan tawul ba, jiki bai ci shi ba ko da an haɗiye shi. Misali, shayi yana riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ya hana hanji tsotse shi, lemo da tumatir da gwaiba kuwa suna taimaka masa. Mai juna biyu da aka ce jininta ya yi ƙasa, gara ta ba da tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi.

Yanzu ga lissafin da nake so kowace uwa ta sani. Abin da babba ke ci ya sha na ruwa a yini bai fi lita 2 ba. Amma ruwan da ke ratsa hanjinsa ya kai lita 8 zuwa 9, domin jiki da kansa ne ke zubo sauran: yawu, ruwan tumbi, na maɗaciya da sauransu. Aro yake bayarwa, hanji ya mayar masa. Wanda ke fita da bayan gida bai cika kofi ɗaya ba. Gudawa ita ce ranar da hanji ya kasa mayar da bashin nan. Ruwan da kike gani yana zuba daga yaro, daga jininsa da tsokarsa yake fitowa.

Wata ɗalibata ta yi mako guda ba ta zo aji ba. Da ta dawo ta ce ɗanta mai wata 10 ne ya yi gudawa, aka ce haƙori ne, kakarsa kuma ta hana a ba shi ruwa, wai ruwan ne ke ƙara zawon. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma a ido maganar kamar gaskiya. Kwana biyu idon yaro ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, yana kuka babu hawaye. Sai da aka sha wahalar neman jijiya kafin a sa masa ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Fitar haƙori takan sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma zawon da ke zuwa a wannan lokaci daga abin da yake ɗauka a ƙasa ya kai baki ne, kuma a yi masa magani kamar kowane zawo.

Maganin kuwa a jikin hanjin aka gano shi. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, idan su biyun suka shiga ruwa ya bi bayansu, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko a tsakiyar kwalara. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a garin Bangaon na Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su a kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Wannan shi ne asalin ORS da ake ba mu a asibiti.

Ki ajiye shi a gida kamar yadda kike ajiye ashana. Ki duba jikin ledar, yawanci lita 1 ake damawa da ita, wato ledar fiya wata 2 ta santilita 50-50 a jikin awo, ko tafasasshen ruwan da ya huce. Idan babu, cokalin shayi 6 na sukari shafaffe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1. Kada ki ƙara gishiri don ya fi ƙarfi, yin haka haɗari ne. A ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Nono da abinci kada a tsayar. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, domin tana gajarta zawon tana kuma taimaka wa bangon hanji ya farfaɗo. Amma idan akwai jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ko ya daina fitsari, to a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Zangon ƙarshe

Abin da ya rage ya shiga babban hanji, mai tsawon mita 1 da rabi. Nan ake tsotse sauran ruwa, kuma nan abinci ya fi daɗewa. Tafiyar gaba ɗaya takan ɗauki kwana 1 zuwa 3. Idan kika matse bayan gida saboda baƙi ko kunyar gidan miji, hanji ba ya daina tsotsa, sai ya bushe ya yi tauri, a zo ana yunƙuri, daga nan basir ya samu ƙofa. Abin da ke riƙe ruwa a bayan gida shi ne dusa da ganye, su kuma muke surfewa mu ba akuya. Zogale, rama, kuɓewa, kuka, wake, gero da ba a cika surfe shi ba, da wadataccen ruwa, sun fi maganin wankin ciki da ake tallarsa a mota da lasifika.

A babban hanji akwai ƙwayoyin halitta tiriliyoyi masu amfani, suna cin abin da muka kasa narkarwa, suna tare wa masu cutarwa wuri. Shan Flagyl da kafso a kan kowace murɗa yana kashe su tare da na banza. Su ne kuma ke samar da iska idan an ci wake. Ɗalibai kan tambaye ni ko kukan ciki a cikin salla yana karya alwala. Ba ya karyawa. Ƙugin nan motsin hanji ne yana tura ruwa da iska daga lungu zuwa lungu, kuma abin da shari'a ta rataya hukunci a kansa shi ne abin da ya fita.

Akwai ciwon da ba a jiƙa masa komai. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ko aman jini, alamar gyambo na zubar da jini ne. Abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, ko rama babu dalili, ko jini a bayan gida ga wanda ya manyanta, kada a ce basir ne a zauna. Ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama, da zazzaɓi da ƙin abinci, yana iya zama afendis. Jaririn da ke aman kore, cikinsa ya kumbura, hanji ne ake tsoron ya toshe ko ya naɗe. A irin waɗannan biyun na ƙarshe kada a ba da maganin wankin ciki, kada a danna cikin, kada kuma a ba da abinci har sai likita ya gani, domin wataƙila aiki za a yi.